Dutsen da Na Goge

Taswirar mahaifina ce, ta ruwayen Chiloé.
Ta yi laushi kamar tsohon zane,
da shatin gindin kofi a kan mashigin Chacao
da lambobin zurfi ƙanana kamar ƙwan kifi.
Na shimfiɗa ta a teburin girki,
na danne kusurwoyinta da dankali huɗu,
na ɗora takarda mai shara-shara a kai,
na fara sata.

Da fari kaɗan-kaɗan.
Na ja garin Quemchi kudu da faɗin yatsa
don mutumin labarina ya isa gida kafin ruwa ya janye.
Na ɗauke cocin katako daga wani ƙauye
na kai shi inda ba coci,
ko ƙusa ɗaya ba ta faɗi a hanya ba.
Wasu tsibirai biyu da ba sa ga-maciji
na ɗinke su da tsinin fensir,
na raɗa musu Quilanto,
sunan da bai taɓa shiga bakin kowa ba.

Wa zai kai ƙara? Teku ba ta da lauya.

Maƙwabcina Baldomero Ampuero, mai jirgin fito,
ya leƙo, hularsa tana ɗiga.
Ya sa tabarau, ya daɗe a sunkuye.
Ya ce, Eduvigis, kin sa kogi yana hawan tudu.
Na juya kogin.
Ya ce, nan kuma iska ba ta barin a ɗaure jirgi.
Na ce a littafina tana bari.
Ya yi dariya, sai dariyar ta yanke.
Yatsansa ya tsaya a wani fili fari fat
tsakanin gaɓa da tsibirin da na ƙaga.
Ina dutsen? in ji shi.

Na tashi na tura itace a murhu.

A taswirar Baba ɗan gicciye ne kawai,
bai kai ƙwayar alkama ba.
Can kwale-kwalen ƙanena Abdón ya tsage
wata Talata, da buhun gishiri uku da tunkiya.
Tunkiyar ta yi iyo ta fito.
Shekara talatin da ɗaya ke nan.
Na goge wurin, na sake gogewa,
har hasken fitila yana ratsa takardar.

Wata bakwai ina rubutu a kan teku marar dutse.
Kowane jirgi yana isowa.
A sauke gishiri, a ƙirga tumaki,
uwa ta zuba miya kwano huɗu, kowa ya sha nasa.
Shafi ɗari biyu, ba wanda ya tsaya bakin taga.
Labarin ya kwanta kamar ruwan randa.
Ni kaina na daina gane mutanen cikinsa:
suna da fuskokinmu,
amma ba su san abin da muka sani ba.

Sai na sake ɗaukar fensir.
Ban mayar da shi gurbinsa ba, hannuna ya ƙi.
Na matso da shi kusa da gaɓa,
inda mai iyo zai iya kaiwa
in yana da sauran ƙarfi,
in ruwan bai cika sanyi ba,
in akwai wani a tsaye da fitila.
A nan na rufe babin. Ban faɗi ko ya kai ba.

Littafin ya fito, taswirar tana shafin farko.
Bara wata yarinya ta sauko daga Valdivia
da shi a aljihun rigar ruwa,
ta nemi tikitin Quilanto.
Baldomero ya dubi sama, ya shafa gemu,
ya ce yau teku ba ta yi kyau ba, ki gwada gobe.

Da yamma ya zo ya ba ni labari,
yana ɗumama tafin hannunsa a bakin murhu.
Har ya kai ƙofa ya juyo.
Ya ce, kin ƙara mini aiki, kin sani?
Yanzu in na bi ta wurin
duwatsu biyu nake kauce wa,
na Allah da naki.